Abin da Murfi ya Rufe: Ƙaddara da Lamunin Mai Sana'a a Garejin Babur

Daga cikin ƙananan gyare-gyaren da kanikawan babur ke yi a bakin titin Ƙofar Guga, ƙofar birnin Katsina da ake bi a kama hanyar Jibiya har a tsallaka iyaka zuwa Maraɗi, akwai wani aiki da ba ya cin awa guda, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, wato sauya robar da ke tsakanin kan inji da murfinsa idan ta fara yoyon baƙin mai. Ƙanƙantar aikin ba ta hana shi ɗaukar wata tambaya da malaman tauhidi da na fiƙihu suka daɗe suna juyawa ba, domin aiki ne da ake mayar wa murfi da zarar an gama, mai babur ba shi da hanyar sanin ko an kyautata masa ko an ha'ince shi sai bayan kwanaki ko makonni, kuma idan yoyon ya dawo ko injin ya buga, kalmar da ta fi saurin fitowa daga bakin ɓangarorin biyu ita ce ƙaddara. Abin tambaya shi ne ko ya halatta a jingina wa ƙaddara ɓarnar da ta biyo bayan aikin hannun mutum, idan kuma bai halatta ba, wa zai ɗauki asarar alhali mai kayan bai san abin da aka bari a ƙarƙashin murfin ba.

Ba za a iya yanke hukunci a kan abu ba sai an san siffarsa, saboda haka wajibi ne a fara da injin kansa. Yawancin baburan da ke zirga-zirga a Katsina yau, daga Boxer ɗin kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya wanda 'yan acaɓa suka fi so zuwa ƙananan baburan da ake kira roba-roba, suna da inji mai fistin ɗaya wanda iska ke sanyaya shi, yana aiki bisa tsarin bugu huɗu da Bajamushen nan Nikolaus Otto ya daidaita a shekarar 1876: fistin ya sauka ya shaƙo fetur gauraye da iska, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. 'Yan ƙofofi biyu ne ke buɗewa suna rufewa don wannan shiga da fita, su ne bawul, suna zaune a kan inji tare da sandar da ke juyawa tana danna su a kan lokaci da 'yan ƙarafan da ke tsakani, waɗanda kanikawa ke kira tafet. Waɗannan ƙarafa suna gogar juna sau dubbai a cikin minti ɗaya, don haka famfon mai ke turo baƙin mai daga gindin inji zuwa sama, ya fantsama a kansu, sannan ya gangara ya koma. Murfin bawul shi ke rufe wannan ɗaki na sama, gasket kuwa ita ce siririyar robar da ake kwantarwa tsakanin leɓen murfin da leɓen kan inji, saboda ƙarfe biyu, komai santsinsu, ba sa haɗuwa haɗuwar da za ta tsare mai mai zafi. A roba-roba, waɗanda fasalin injinsu ya samo asali daga Super Cub na kamfanin Honda da ya fito a 1958, wurin duba bawul 'yan murafu ne guda biyu zagayayyu, kowanne da zoben robarsa, amma aikin robar ɗaya ne.

Dalilan yoyon sanannu ne ga duk wanda ya daɗe a gareji. Roba tana bushewa ta yi tauri idan ta jima tana shan zafi, zafin kuwa ba ƙarami ba ne a garin da rana ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga baburan da ke wuni suna aiki daga asuba zuwa dare. Idan ta bushe sai ta daina bin lanƙwasar ƙarfen, mai ya sami hanya. Wani lokacin tiyon da ke fitar da tururi daga cikin inji ne ya toshe, iska ta taru a ciki tana neman mafita, ta turo mai ta wurin da ya fi rauni. Wani lokacin an cika mai ne fiye da ƙima a wajen juyen mai. Wani lokacin kuma, kuma wannan shi ne abin da ya shafi hukunci kai tsaye, hannun da ya buɗe murfin a baya ne ya ɗaure notunan da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, ya murƙushe robar ko ya lanƙwasa murfin. Farkon alamar naso ne kawai a gefen murfi, wanda ƙurar hunturu ke mannewa a kai har ta zama baƙin taɓo a tsakanin haƙarƙarin inji, haƙarƙarin da aka yi su don iska ta ratsa ta ɗauke zafi. Daga nan sai mai ya fara ɗiga a kan salansa yana hayaƙi da ƙauri, ya ɓata ƙafar wandon mahayi. Da yake duk man da irin wannan inji ke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, yoyon da ake raina shi kan kai ga ranar da kan inji zai yi aiki a bushe, ƙarafa su cinye juna, gyaran da ba ya cin awa guda ya zama sauke inji.

Gyaran da aka yi shi yadda ya kamata yana da tsari. Ana barin inji ya huce, a wanke kewayen murfin kafin a buɗe don kada yashi ya faɗa ciki, a sassauta notunan kaɗan-kaɗan a gicciye da sifana mai lamba 8 ko 10, a ɗaga murfin, a cire tsohuwar robar, a kankare ragowar duk abin da ya manne a leɓen ba tare da an kai bakin sukudireba ya karce ƙarfen ba, domin kan injin alminiyon ne, ƙarfe mai taushi da tabo ɗaya ke isa ya zama hanyar mai har abada. Ƙwararren bakanike kan yi amfani da wannan dama ya auna tazarar bawul da siririn ma'auni, tazarar da a yawancin irin waɗannan injuna ba ta wuce tsakanin 0.05 da 0.1 na milimita ba, ya kuma busa tiyon tururi ya tabbatar a buɗe yake. Sannan ya zaunar da sabuwar roba a cikin kwarminta, ya bi ta da yatsa ko'ina ya ji ba ta tuɗe ba, ya ɗan ɗiga gam a kusurwa idan fasalin injin ya buƙaci haka, ya mayar da murfi, ya ɗaure notuna da yatsu tukuna, sannan ya bi su a gicciye har su kama, ya tsaya. Wannan tsayawar ita ce ƙwarewar, domin ƙananan notuna masu kaurin milimita 6 ƙarfin da suke buƙata bai wuce kimanin nutan-mita 10 ba a ma'aunin ɗauri, kuma juyi ɗaya bayan haka yana iya cinye zaren ramin da ke jikin kan inji. Akwai kuma gajeriyar hanya, wadda kowa a sana'ar ya san ta: a mayar da tsohuwar roba, a laftaba mata gam mai yawa, a ɗaure da ƙarfi, a goge waje da tsumma da fetur har ya yi ƙyalli. Daga waje aikin biyu kamarsu ɗaya. Bambancin yana ciki, inda gam ɗin da aka matse ke bulbulowa ta gefen ciki, ya bushe, ya gutsure, ya bi mai ya je ya toshe rariyar mai ko siririyar hanyar da ke kai shi kan inji.

A nan ne maganar ƙaddara ke shigowa, kuma ya kamata a ɗauke ta da girmamawa, domin imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, rukuni ne na imani, kuma mutumin da injinsa ya buga a hanyar Jibiya ya ce haka Allah ya so bai faɗi ƙarya ba. Sai dai littattafan tauhidin da ake karantawa a zaurukan malaman Katsina ba su bar maganar a nan ba. Shehu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma ɗan littafinsa Ummul Barahina ya zama tushen karatun aƙida a Afirka ta Yamma, ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa Allah ne ke halittar sakamakon, yana kuma da ikon ya raba su idan ya so. Malaman Ash'ariyya, waɗanda Sanusi yake cikinsu, sun kore wa wuta ikon ƙonawa da kanta, amma babu ɗayansu da ya ce mutum ya sa hannu a wuta ya ce ba laifinsa ba ne. Abin da suka koyar shi ne cewa Allah ya gudanar da duniya bisa tsari mai maimaituwa, ya kuma ɗora wa bawa nauyin abin da ya zaɓa ya aikata, wanda suke kira kasabi. Alaƙar da ke tsakanin gam mai yawa da toshewar hanyar mai, ko tsakanin ɗauri mai tsanani da cinyewar zare, hukuncin al'ada ce tsantsa, an gan ta ta maimaitu a kowane gareji, kuma wanda ya san ta ya ƙetare ta da gangan ya aikata sababin ɓarna da zaɓinsa, ko da kuwa Allah ne mahaliccin ɓarnar.

Tarihin magabata ya ba da misalin yadda ake haɗa abubuwan biyu. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham, Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'arsa daga hanya da ya ji labarin cutar, kuma da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, amsarsa ta nuna cewa kauce wa cuta ma yana cikin abin da Allah ya ƙaddara. Daga irin wannan ne malamai suka fitar da rarrabewa tsakanin musiba da laifi: ana ambaton ƙaddara a kan musibar da ta riga ta faɗa wa mutum domin ya yi haƙuri, amma ba a kafa hujja da ita don a wanke laifin da mutum ya yi ko a danne haƙƙin wani. Saboda haka kalma ɗaya tana iya zama ibada a bakin ɗan acaɓan da ya rasa abin neman abincinsa, ta kuma zama zalunci a bakin bakaniken da ya san abin da ya shafa a ƙarƙashin murfi. Abin da ya fi ciwo a wannan lamari shi ne yadda ake amfani da ladabin wanda aka cuta a rufe masa baki, domin mutumin da aka tarbiyyantar da shi a kan yarda da hukuncin Allah yana jin nauyin ya ci gaba da jayayya bayan an ambata masa sunan Allah.

Fiƙihun Malikiyya, wanda a kansa alƙalan Katsina suka yi shari'a ɗaruruwan shekaru, yana da babi na musamman a kan wannan, shi ne lamunin masu sana'a, wato ɗora musu biyan abin da ya salwanta ko ya lalace a hannunsu. Asalin ƙa'ida ita ce wanda aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya biyan abin da ya halaka a hannunsa sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Imamu Malik ya fitar da masu sana'ar da suka kafa kansu don yi wa jama'a aiki, irin su maɗinki da marini da maƙeri, daga wannan ƙa'ida, ya ɗora musu lamunin abin da suka ɓuya da shi daga idon mai shi, sai fa idan shaidu sun tabbatar ya halaka ba da sa hannunsu ba. Ibnu Abi Zaidin na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo hukuncin a taƙaice a Risala. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya jera saɓanin mazhabobi a kansa a Bidayatul Mujtahid. Shaɗibi kuma, wanda ya rasu a 1388, ya kawo shi a littafin I'itisam a matsayin misalin maslaha, wato hukuncin da aka gina a kan kiyaye amfanin jama'a inda babu nassi keɓantacce. Dalilin da suka bayar mai sauƙin fahimta ne: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, ba kuma za su iya tsare su ba, idan aka ce kowane mai sana'a a gaskata shi da zarar ya ce abu ya lalace, dukiyar jama'a za ta salwanta, ko kuma mutane su daina ba da aiki.

Sai dai hukuncin yana da sharuɗɗa, kuma ɗaya daga cikinsu yana haifar da matsala ta gaske idan aka kawo shi garejin babur. Malamai sun ce lamunin yana faɗuwa idan mai sana'a ya yi aikin a gidan mai kaya ko a gaban idonsa, domin zargin ɓoyewa ya kau. Gyaran murfin bawul kuwa kusan kullum a gaban mai shi ake yi, yana zaune a benci ko a tsaye a kan bakanike yana ƙosawa ya koma neman fasinja. Wanda ya tsaya ga zahirin sharaɗin zai ce ai babu lamuni ke nan. Amma akwai bambanci tsakanin salwantar kaya da ɓata aiki. Halartar mai kaya tana kore zargin an sace ko an musanya, ba ta kore alhakin sakaci da ƙetare iyaka, wanda kowane ɗan ƙwadago ke ɗauka a dukkan mazhabobi ko da mai kayan yana kallo. Ƙari a kan haka, mai riga da ke kallon maɗinki yana gane karkataccen ɗinki, amma mahayin da ke kallon sifana tana juyawa ba ya jin abin da hannun bakanike ke ji lokacin da zare ya fara saki, ba ya kuma sanin ko ɗigon gam ake buƙata ko cikin cokali. Gani irin wannan bai ba shi ilmin da zai kare kansa da shi ba, don haka dalilin da ya sa Malik ya tsananta wa masu sana'a, wato rashin ikon mai kaya a kan tsare dukiyarsa, yana nan daram ko da mutumin bai matsa ko'ina ba.

Adalci kuma yana buƙatar a faɗi ɗaya gefen, domin malaman ba su bar mai sana'a ba kariya ba. Sun keɓe ayyukan da ke da haɗari a cikin ɗabi'arsu, suka ba da misali da huda lu'ulu'u da sassaƙa dutsen zobe da miƙe takobi, suka ce idan abu ya fashe a irin wannan aiki ba tare da ganganci ko kuskuren sana'a ba, babu biya. Injin da ya shekara goma yana aiki, wanda hannaye da yawa suka buɗe suka rufe, zaren ramukansa yana iya saki a hannun bakaniken da ya fi kowa taka-tsantsan, kuma wannan ya fi kama da huda lu'ulu'u fiye da sakaci. Abin da ake nema daga gare shi a nan shi ne ya faɗa tun kafin ya sa sifana idan ya ga alama, ko ya faɗa nan take idan ya faru, maimakon ya cusa notin da gam ya yi shiru.

Mas'alar da ta fi yawan aukuwa ba ta kai wannan tsanani ba, ita ce mas'alar lallaɓawa. Ɗan acaɓa ya zo da yoyo, ba shi da kuɗin sabuwar roba mai kyau, ga balas ɗin da zai kai wa mai babur da yamma, ga tsadar fetur da ta ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, sai ya ce, "Maigida, don Allah a ɗan lallaɓa mini shi, in na samu zan dawo." Babu wani abu a shari'a da ya haramta faci, kuma bakaniken da ya taimaki talaka ya ci gaba da neman abincinsa da ɗan abin da yake da shi ya yi aikin lada. Sharaɗin halaccin shi ne bayani, wato ya ce masa, "Malam, tsohuwar na mayar maka, ba za ta daɗe ba, ka riƙa duba mai kowace safiya." Da wannan jimla faci ya zama yarjejeniya tsakanin mutum biyu da suka san abin da suke ciki, asarar da ta biyo baya kuma ta mai babur ce. Idan aka cire jimlar, aka karɓi kuɗin sabuwa aka mayar da tsohuwa, ko aka bar mutum ya tafi yana zaton an yi masa gyaran dindindin, aikin hannu bai sauya ba amma hukuncin ya koma algus. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu a tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, yana nuna inda laifin yake: bai hana mai hatsin sayar da jiƙaƙƙen hatsinsa ba, ya zarge shi ne a kan bai sa shi a sama inda masu saye za su gani ba.

Mai babur ma yana da nasa kason. Wanda ya ga naso wata da watanni yana goge shi da tsumma, ba ya duba mai, har ranar da injin ya tsaya, ba shi da hujja a kan kowa, kuma hanin tozarta dukiya da ya zo a hadisan Buhari da Muslim ya shafe shi ko da babur ɗin nasa ne. Idan kuwa na wani ne aka ba shi yana kawo balas, to amana ce a hannunsa, kuma ɓoye wa mai shi yoyon don gudun a tsayar da babur kwana ɗaya sakaci ne da ke jawo biya.

Akwai kuma jahilci, wanda ya fi ha'inci yawa a garejoji kuma ya fi shi wuyar hukuntawa. Sau da yawa ƙaramin aiki irin wannan yaron gareji ake miƙa wa, yaron da ya koya da ido, wanda yake ganin ƙarfin ɗauri shi ne alamar himma, kuma ma'aunin ɗauri ba kayan aikin da aka saba gani a bakin titi ba ne, hannu ne ma'auni. Hatta manyan kanikawan da suka ƙware a kan tsofaffin Suzuki da Jincheng masu bugu biyu, waɗanda ba su da bawul a kan injinsu kwata-kwata, sai da suka sake koyo lokacin da masu bugu huɗu suka cika gari. Niyyar yaron tana iya zama mai kyau, amma kyakkyawar niyya tana ɗauke zunubin ganganci ne, ba ta ɗauke biyan dukiyar mutane, kamar yadda hadisin Abu Dawuda ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da iliminsa ba. Nauyin kuma yana komawa kan maigidan da ya karɓi aikin da sunansa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa sana'o'in da rayuwar al'umma ta dogara a kansu, irin su noma da saƙa, cikin farillan kifaya, wato wajiban da idan wasu suka tsaya da su sun ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kuma duka sun yi laifi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da masu sana'a da wadata garuruwa da su cikin aikin shugaba. A garin da ɗalibai da marasa lafiya da 'yan kasuwa ke hawa babur kowace rana, gyaransa ya shiga wannan sahu, kuma farillar ba ta sauka da yawan masu riƙe da sifana, tana sauka ne da samuwar waɗanda suka iya aikin suka kuma koyar da shi yadda yake, har da koya wa yaro inda ake tsayawa.

Saura yanayi guda da babu laifin ko ɗaya daga cikin mutanen biyu. Kasuwar kayan gyara cike take da roba iri-iri a cikin leda mai suna ɗaya, wata ta asali, wata jabu da ke bushewa cikin 'yan makonni, kuma ba koyaushe ido ko yatsa ke iya rarrabe su ba. Bakaniken da ya sayo da kyakkyawan zato, ya yi aikin bisa tsari, sannan robar ta ci amanarsa, shi ne wanda ya cancanci ya ambaci ƙaddara. Shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya sami aibin da aka ɓoye masa, amma mai shagon shi ma sarowa ya yi daga wani, wanin kuma daga wani, har maganar ta fita daga Katsina ta fita daga ƙasar baki ɗaya, kuma ba wanda zai bi sawun 'yar robar da ta riga ta sha mai. Kanikawa da kansu sun samar wa wannan wasu hanyoyi: wasu kan tura mai babur ya sayo robar da hannunsa, wasu kan miƙa masa tsohuwar da aka cire ya gani, da yawa kuma ba sa karɓar kuɗin aiki idan gyara ya dawo cikin 'yan kwanaki. Malikiyya suna ba al'adar masu sana'a matsayin sharaɗi a cikin yarjejeniya matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba, saboda haka inda wannan al'ada ta zaunu, mai babur yana da haƙƙin a sake masa aikin ko da ba a furta ba tun farko.

A aikace irin wannan rigima ba ta cika kai wa gaban alƙali ba. Dattijan gareji ne ko shugabannin 'yan acaɓa ke zama su yi sulhu, mafi yawa a raba asarar, wannan ya sayo kaya wancan ya yafe kuɗin aiki. Sulhu halal ne kuma abin so, sai dai malamai sun bambanta sulhun da ke halatta dukiya a zahiri da wanda ke halatta ta tsakanin mutum da Ubangijinsa, suka ce wanda ya san haƙƙi yana kansa ya musanta har aka yafe masa wani abu, abin da aka yafe bai zama halal gare shi ba. Don haka masu sulhu suna da aikin da ya gabaci rabon asara, shi ne su sa a sake buɗe murfin a gaban wani bakanike da ba ruwansa da rigimar, a duba robar ko sabuwa ce, a duba leɓen ciki ko gam ya bulbulo, a cire rariyar mai a ga abin da ta tara, a kuma tambayi mahayin yaushe rabonsa da juye.